Tsohuwa Mai Ƙuli-ƙuli da ta Zo daga Damargu

Mai son zuwa ƙauyukan arewacin Gumel daga Kano, tashar 'Yankaba zai nufa, kuma gara ya yi sammako, don motar farko ce ke cika da wuri. In rana ta ɗaga sai zaman jiran fasinja. Hanyar ta bi ta Gezawa ta shiga Jigawa, a Gujungu ta rabu biyu, ɗaya ta yi Haɗeja, ɗaya ta miƙe Gumel. In Lahadi ce, kasuwar Gujungu kan cinye titi. Tsakanin Gumel da Maigatari akwai shingayen kwastan da na shige da fice, saboda haka katin shaida ya zama a aljihu na kusa. Garin da na je ba a bakin kwalta yake ba. Ana sauka kafin Maigatari a hau babur a shiga rairayi, kuma a bazara rairayin kan yi laushi har sai fasinja ya sauka ya taka a wasu wuraren. Gonaki fayau suke, babu kore sai gawo.

Rasuwa ce ta kai ni. Limamin garin ya kira ni da dare ya ce Allah ya yi wa tsohuwa mai ƙuli-ƙulin nan cikawa bayan isha'i, za a yi jana'iza da hantsi, kuma yana so mu duba maganar gadonta tare, domin magadanta duk suna Nijar.

Daga Damargu ta fito, yankin Tanut, arewa da Damagaram. A 1984 damina ta ƙi, gero bai yi ba, dabbobi suka ƙare. Mutane suka koma cin anza, wadda sai an jiƙa ta kwanaki ana canja ruwa kafin ɗacinta ya fita. A watan Afrilu na shekarar ne gwamnatin sojan Najeriya ta Janar Buhari ta rufe iyakokinta na ƙasa lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986, hatsin da ya saba hawa arewa ya tsaya. Shi ya sa mutanen Nijar ke kiran wannan yunwa El-Buhari. Ita da mijinta da 'yarsu ta goye suka gangaro ta Damagaram da Dungas, suka shigo ta hanyar jeji da dare. Ba su ji sun shigo baƙuwar ƙasa ba, kuma suna da hujja: Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata wannan iyaka a farkon ƙarnin da ya wuce, fadar Gumel ma ta taɓa zama a Tumbi, wadda yau take cikin Nijar. Bulama ya ba su zaure suka zauna.

Mijin ya tafi kudu cin rani, aike ya zo sau ɗaya, daga nan shiru. Da abin ya yi tsawo ta kai ƙara gaban alƙali, aka raba auren saboda rashin ciyarwa, ta yi idda, ta auri wani manomi a garin a matsayin ta biyu. 'Yar kuwa da ta tasa, dangin ubanta suka zo suka tafi da ita, can aka aurar da ita wajen Magarya. A gidan na biyu ta haihu, amma ba wanda ya rayu. Sai ta ɗauki jikar kishiyarta tun daga yaye ta riƙe.

Sana'ar man gyaɗa ce ta tsayar da ita da ƙafarta, kuma 'yar riƙon nan, wadda yanzu bazawara ce, ta nuna mini kayan aikin a bayan ɗaki: babban kasko na ƙarfe, turmi, taɓarya, faifai, matsami na katako da aka jingine a karkace, da kwalabe. Ta ce Inna ba ta taɓa yarda a fara suya ba a tsince gyaɗa ba. Duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta motse a fitar da ita, don kaɗan daga cikinsu sun isa su sa kwano guda na ƙuli-ƙuli ɗaci, kuma suna cutar da hanta. Ana soya gyaɗar da yashi mai tsabta a cikin kaskon don zafi ya ratsa ko'ina daidai, ana juyawa ba tsayawa. Gwajin shi ne a murza ƙwaya tsakanin yatsu: in ɓawon ya fita da sauƙi, cikin ya yi ja kaɗan, ta yi. In ba ta soyu ba mai ba zai fito sosai ba, kuma zai yi warin ɗanye. In ta wuce, man ya yi duhu, ƙulin ya yi ɗaci. Sai a baza a tabarma ta sha iska, a murje, a bushe ɓawon da faifai, a kai inji a markaɗe ba tare da ruwa ba.

Wurin fitar da mai nan ne ake gane gwana. Ana juye markaɗen a turmi tun da ɗuminsa na inji, a riƙa zuba ruwan zafi ludayi-ludayi ana juyawa da taɓarya. Ƙullun zai fara yin duhu, ya haɗe jikinsa, man ya taso sama. Wadda ta yi garaje ta kwarara ruwa lokaci guda, ƙullun zai saki ya yi ruwa-ruwa, man ya ƙi rabuwa, aikin ranar ya lalace. Ruwan sanyi kuma riƙe man yake yi, shi ya sa a hunturu tsohuwar kan fito da turmin cikin rana. Bayan an kwashe na sama, a ɗora tunkuzar a matsami a yi ta matsa da hannu har ta daina ɗiga. Wadda za a ci da baki a sa mata gishiri da ɗan barkono, wadda masu tsire za su daka yaji a bar ta haka. A mulmula, a soya a cikin man nata da wuta matsakaiciya. Wuta mai ƙarfi ƙona baya take yi ta bar ciki da danshi, kwana kaɗan ya yi fumfuna. Wanda ya soyu har ciki yakan yi makonni. Suyar nan ma tana ƙara fitar da mai, tana kuma kore ruwan da ya rage a cikinsa, don man da ke da ruwa ba ya jimawa yake canja wari. Tiya guda ta gyaɗa mai kyau takan ba ta kusan kwalba guda. Lissafinta kullum ɗaya ne: mai ya mayar da kuɗin gyaɗa, ƙuli-ƙuli ya biya itace da inji, abin da ya ragu shi ne nata. Don haka take sayen gyaɗa da kaka ta ajiye, ba ta jiran bazara lokacin da take tsada.

Duk abin da ya taɓa iyaka sai ya taɓa wannan lissafi. Da aka rufe ta a watan Agusta na 2019, aka kuma hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka, kuɗin niƙa ya tashi. Da aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, masu sayen kwalabenta daga ƙetare suka ragu har zuwa Maris na 2024. Canjin kuɗi na farkon 2023 ya same ta ba asusun banki, ba katin ɗan ƙasa, layin wayarta ma da sunan ɗan maƙwabci aka yi masa rajista. Dabara ta yi: ta kwashe tsofaffin takardun ta sayi 'yan awaki.

Mijinta na biyu ya riga ta rasuwa da daɗewa. Da yake yana da 'ya'ya, matansa biyu tumuni suka raba, wato kowacce kashi ɗaya cikin 16. Kashi ɗaya cikin 16 na gonar ƙauye ba ya isa a noma, sai aka ƙiyasta aka ba ta kuɗi bayan ta fita takaba ta wata huɗu da kwana goma. Al'ada ita ce mace ta koma gidan ubanta ko na 'yan'uwanta maza. Ita nata suna bayan Damagaram, iyayen sun rasu, kuma abokan cinikinta duk suna nan. 'Ya'yan mijin suka bar mata ɗakinta aro, kuma sun kyauta ƙwarai, don ba kowane gida ake yin haka ba.

Hawan jini ne ya kayar da ita. Takan sayi magani a kemis in kai ya matsa mata, in ya lafa ta daina, alhali wannan ciwo ba a sha masa magani don jin ciwo, kullum ake sha. Wata safiya aka tarar ɓarin jikinta na hagu ya shanye, baki ya karkace. Bayan an dawo da ita daga asibiti, 'yar riƙon ce ta yi jinyar watanni: tana juya ta duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama ƙugu da diddige, tana zaunar da ita tsaye kafin ta ba ta kunu mai kauri da cokali, don mai wannan ciwo in aka ba shi abu mai ruwa-ruwa a kwance yakan sarƙe, abin ya sauka huhu. Unguwarzomar garin, wadda ita ce ke wankan gawar mata, ta ce mini ba ta ga tabo ko ɗaya a bayan tsohuwar ba. Wanda ya taɓa jinyar irin wannan ya san nauyin wannan magana.

Na isa ana cikin shawarar ko a jira 'yarta. An aika mata saƙon murya tun da dare ta wayar wani ɗan kasuwar dabbobi mai layin Nijar, amma ba a san ko ta ji ba. Liman ya ce ba za a jira ba. Zafin bazara a nan ba ya barin gawa ta wuni, kuma sunna ita ce gaggautawa.

Likkafani bai zama matsala ba. A ƙasan akwatinta aka samu farin alawayyo a naɗe cikin leda, da kafur da turare, ta saya ta ajiye tun tana da lafiya. Maza suka yanka a ƙofar gida. A Malikiyya an so a yi wa mace guda bakwai: riga, zane, kallabi, da mayafai huɗu na naɗi, amma wajibi shi ne abin da zai rufe jiki duka. Yadin ya isa biyar, aka yi biyar. A ciki mata biyu suka yi wankan, ɗaya na zuba ruwa ɗaya na cuɗawa, an rufe al'aura da zane. Akan matsa ciki a hankali, a wanke ƙazanta da hannu naɗe da ƙyalle, a yi mata alwala, sannan a wanke dama kafin hagu, sau uku ko biyar, da ruwan ganyen magarya, na ƙarshe da kafur. Aka tsefe gashin aka yi kitso uku aka zuba baya.

Na bi samari maƙabarta. An auna tsawonta da karan dawa, da shi aka shata ƙasa. Ƙasar nan rairayi ce, ba ta ɗaukar lahadu irin wanda ake rarakewa a gefe, rufta wa mutum za ta yi. Shi ya sa ake haƙa uwar kabari mai faɗi, zurfinta ya kai gwiwa ko ya ɗara, sannan a tsakiyarta a haƙa ɗan kabari siriri, faɗinsa daidai yadda mutum zai kwanta a gefensa, zurfinsa wajen kamu guda. Kafin a fara sai da aka kawo jarkoki biyu na ruwa a amalanke aka jiƙa wurin, ana haƙa ana yayyafawa, in ba haka ba bakin ɗan kabarin zai yi ta zubewa, itacen ya rasa wurin zama. Itacen maina ne aka sassara, kowanne ya zarce faɗin ɗan kabarin ta kowane gefe. Wani dattijo ya mayar da guda biyu, ya ce sun yi siriri, damina ɗaya za su karye kabarin ya lotsa.

Sahu uku aka yi a filin ƙofar bulama. Liman ya tsaya daidai kafaɗunta, kabbara huɗu da addu'a, sallama ɗaya. A bakin kabari aka ja mayafi a sama. Ba ta da muharrami na jini a garin, sai babban ɗan mijinta ya shiga, domin matar uba haramun ce gare shi har abada, wani dattijo ya taya shi. Aka kwantar da ita a gefen dama tana fuskantar alƙibla, aka kwance ƙullin likkafani, aka jera itace a matse, aka bi da ganye, aka toshe kafofi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan aka mayar da rairayi, aka ɗora ƙaya saboda dabbobi. Masu haƙa ba su karɓi ko sisi ba. Mutanen da suka taru sun fi ƙarfin garin, har da masu tsire daga Maigatari.

'Yar ta iso washegari da yamma tare da ɗan wan marigayiyar. Maƙwabta ne suka ɗauki girkin zaman makoki. Wasu mata suka kawo shawarar a yanka akuya guda cikin nata don sadakar uku, liman ya hana, ya ce daga lokacin da rai ya fita dabbobin sun zama na magada, mai son sadaka ya yi da nasa.

Bayan kwana uku muka zauna a zauren bulama. Tsarin sananne ne: kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sannan gado. Wahalar ita ce tattaro dukiyar, don ba abin da ke rubuce. Awakinta bakwai suna gidaje uku a kan kiwo, da sharaɗin haihuwa biyu nata, ta uku ta mai kiwo. Ɗaya daga cikin masu kiwon ya ce 'yar akuya guda ta mutu da damina, bai kawo fata ko kunne ya nuna ba saboda tsohuwar tana kwance. Shi amintacce ne a shari'a, sai aka karɓi maganarsa da rantsuwa. Masu tsire biyu suka kawo bashin da take bin su da kansu. Akwai buhu ɗaya da rabi na gyaɗa, da kuɗi a gwangwanin madara, da tufafi da kayan aiki. Dillalai biyu suka yi ƙiyasi, jimla ta kama naira 600,000. Uwar adashe ta ce marigayiyar ta riga ta kwashe nata, saura zubi takwas na 3,000, wato 24,000. Mai gyaɗa yana bin 36,000. Aka cire 60,000, saura 540,000.

Sai tambayar da mutane kan manta, kuma ita ce ke juya rabon gaba ɗaya. 'Ya ɗaya rabi take ɗauka. Sauran rabin na asaba ne, wato dangi maza na ɓangaren uba. Amma in marigayiyar tana da 'yar'uwa mace a raye, uwa ɗaya uba ɗaya ko uba ɗaya, ita ce za ta ɗauki ragowar tare da 'yar, ɗan wa ba ya samun komai. Haka in akwai ɗan'uwa namiji a raye, ya riga ɗan wa. Liman ya dubi saurayin ya ce, "Ɗana, gwaggonka tana da sauran 'yan'uwa da rai?" Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ƙanwarta ce ta ƙarshe, ta rasu shekara biyu da suka wuce." Ba a tsaya a maganarsa ba, tunda shi ne zai amfana. Aka kira dattawa biyu na garinsu ta waya, kowa na ji, suka tabbatar. Rabon ya zama 270,000 ga 'ya, 270,000 ga ɗan wa. 'Ya'yan miji ba su da gado a wurinta, 'yar riƙo ma haka, komai daɗewar zama.

A nan unguwarzoma ta aiko daga cikin gida cewa marigayiyar ta gaya mata, tun bakinta na fita, cewa awaki biyu da kayan sana'a na 'yar riƙonta ne. An ƙiyasta su 120,000, ba su kai sulusin da yake 180,000 ba, kuma 'yar riƙo ba magajiya ba ce, saboda haka wasiyyar halal ce. Abin da ya kashe ta shaida ne. A maganar dukiya ana karɓar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko namiji ɗaya da rantsuwar mai nema, ko mata biyu da rantsuwa. Mace ɗaya ba ta isa ba. Da tsohuwar ta faɗa gaban liman, ko gaban mata biyu, da an gama. Da ma tun tana da lafiya ta damƙa wa yarinyar igiyar awakin ta ce na ba ki, yarinyar ta karɓa ta mayar da su hannunta, da kyauta ce cikakkiya, ba su shiga lissafin gado ba sam. Na tabbata unguwarzomar gaskiya ta faɗa, kuma abin ya dame ni, amma shari'a ba ta tafiya da tabbacin zuciyata.

Sai aka mayar da maganar ga magada, kowa a kan rabonsa: in sun yarda, 60,000 ne zai fita daga kowanne. 'Yar ta yi magana daga bayan labule. Ta ce, "Malam, ni na yarda. Abin da ya kamata in yi wa Inna, ita ta yi." Ɗan wan ya daɗe kansa a ƙasa, sannan ya ce shi bai ji da kunnensa ba, kuma gida ya bari ba hatsi, damina ba ta zo ba. Ba wanda ya tilasta shi, don haƙƙinsa ne. Aka ba 'yar riƙon kasko da turmi da sauran kayan aiki da 'yar akuya guda daga rabon 'yar. Muka rubuta komai da boko da ajami, kwafi uku, bulama da liman da shaidu suka sa hannu, magada suka dangwala yatsa.

Ranar Alhamis aka kora awakin kasuwar Maigatari, domin tafiya da su kan hanya ta fi sayar da su tsada da wahala. Kasuwar tana cika tun hantsi da raƙuma da shanu da tumaki daga Nijar, da manyan motocin da ke lodi zuwa kudu. Ƙaramar dabba gara a sayar da ita kafin azahar, lokacin da masu lodi ke neman cika mota. Da la'asar sai yadda dillali ya ce. An samu kusan abin da aka ƙiyasta, giɓin da aka samu aka raba shi daidai tsakanin magadan biyu. Suka canja nairar zuwa sefa a wurin 'yan canji, suka hau motar Dungas.

'Ya'yan mijin sun ce 'yar riƙon ta ci gaba da zama a ɗakin har Allah ya kawo mata miji. Jari ne ba ta da shi, don gyaɗar da ke buhu ta shiga rabo. Mai gyaɗar da aka biya bashinsa ya yarda zai riƙa ba ta tiya biyar duk mako, ta biya bayan kasuwa, kuma masu tsiren nan biyu sun ce ta kawo musu ƙulin kamar yadda aka saba. Wannan karon liman ya sa an rubuta sharaɗin a gaban shaidu biyu kafin in hau motar Kano.